Oda ta ɗauke, fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa: wa zai biya gyaran?

Baban Ummi, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar 2010, daga Amurka ta fito. Tun azumi oda ke yi min wasa: in sitiyari na miƙe ta yi ƙara, da na karya kwana sai tsit. Shekaranjiya a shataletalen Gawon Nama ɗan kabu-kabu ya faɗo min, na danna na danna, ko ƙis. Ga Ummi a mota da jakar Islamiyya. Allah ne ya tsare. Yanzu maɓallan rediyo sun bi sahu, fitilar jakar iska kuma kullum a kunne. Na ji an ce kamfanin ya taɓa kiran irin motar don gyara kyauta. Na kira dillalinsu, ya ce ba su suka sayar min ba. To laifin ƙira ya san wanda ya sayar?

Mai wayarin, Buzaye:
Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai wata waya mai kama da kintinkiri naɗe bayan sitiyari, ita ke kai wuta ga oda da maɓallai da jakar iska. Yawan juyi ke cinye ta. Don Allah kada ka yarda wani ya cire ƙwan fitilar ya ce ya gyara, ranar haɗari jakar ba za ta buɗe ba. A cire kan batir a ɗan jira kafin a kwance, a kuma daidaita sabuwar a tsakiya, in ba haka ba kwanar farko za ta tsinke.

Malama Hajara, Arkilla:
Matsalar sananniya ce. Toyota ta yi kiranye kanta a 2014, Volkswagen a 2015. Amma da lambar casis ake bi, ba shekarar mota kaɗai ba. Sa lambar nan mai harafi 17 a shafin NHTSA na gwamnatin Amurka, za ka ga ko da gyaran da ba a yi ba. Cikas ɗin, kiranyen na ƙasar da aka fara sayar da motar ne.

Baban Ummi:
Malama na duba, tawa na ciki, kuma ba a taɓa gyarawa ba. Na ɗauki hoton shafin, zan rubuta wa kamfanin da kaina. Amma ba zan jira amsarsu da yara a mota ba. Maigida, gobe bayan Azahar kana gareji?