Wa ya san cinikin gahawa ta waya?

Ɗan Terminus: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani yaro a layinmu ya ishe ni da maganar sayen gahawa ta waya, wai ka saya yau kan farashin wata uku masu zuwa, in ta tashi ka kwashi riba. Ina da ɗan abin da na ajiye bayan sayar da dankali. In shiga ko in bari?

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam. Gahawar tana ina? Ya nuna maka buhu?

Ɗan Terminus: Babu buhu, Alhaji. Lambobi ne a waya.

Akanta: Bari in sa baki, ranka ya daɗe. Abin akwai shi, ba ƙarya ba ne. Manyan nau'in gahawa biyu ne, arabika da robusta. Ana cinikin arabika a kasuwar ICE ta New York, robusta kuma a Landan. Amma ka san girman kayan tukuna. Kwantiragi ɗaya na arabika fam 37,500 ne na awo, kusan tan 17, wato buhu sama da 280 mai kilo 60. Farashin fam ɗaya ya motsa da senti ɗaya kacal, dala 375 ta shigo aljihunka ko ta fita, kuma motsin senti 10 a yini ba baƙon abu ba ne. Kafin alƙalami kawai kake ajiyewa. In kasuwa ta juya dillali ya ce ka ciko, ba ka ciko ba ya rufe cinikin da asararka, ko da washegari farashin zai dawo inda ka yi hasashe. Nan ya bambanta da ajiyar masara, wadda in ta faɗi kana da rumbu, kana iya jira.

Akanta: Kuma yawancin manhajojin da yara ke tallatawa ba sa kai ka ICE ɗin ma. Zato ne tsakaninka da mai manhaja kan inda farashi zai nufa. A fara duba ko sunansu na cikin rajistar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya.

Hajiya Mai Kanti: Ni dai tambayata, tsadar nan za ta sauka? Masu shayin Farin Gada da ke sara a wurina kullum sai sun yi mitar kuɗin Nescafé.

Akanta: Hajiya, ido na kan Brazil da Vietnam, su ne na ɗaya da na biyu a duniya wajen noman gahawa. Jaura ta ƙona gonaki a jihar Minas Gerais ta Brazil a Yulin 2021, fari ya biyo baya a ƙasashen biyu, har a Disamban 2024 arabika ta wuce farashin da ba a taɓa kamowa ba tun 1977, a Fabrairun 2025 ta haura dala 4 kan fam ɗaya. A Agustan 2025 Amurka ta ɗora harajin kashi 50 kan kayan Brazil, sai a Nuwamba aka cire gahawa daga ciki. Mai son hasashe ya riƙa bin sanyin Yuni zuwa Agusta a Brazil, da ruwan Satumba da Oktoba lokacin da bishiya ke fure. In damina ta yi kyau shekara biyu a jere, ni ina ganin sauka za ta yi, don tsada kan sa manoma ƙara dashe, sai dai sabon dashe kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu kafin ya ba da 'ya'ya. Gahawarki ta gwangwani galibi robusta ce, kuma farashin dala a nan ya fi Landan taɓa ta.

Hajiya Mai Kanti: To ba zan cika sito ba kenan. Katan-katan zan riƙa ɗauka.

Malam: A gafarce ni, akwai ɓangaren shari'a. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ba ta halatta irin wannan ciniki ba, don ba a miƙa kuɗi ba, ba a miƙa kaya ba, ƙarshe bambancin farashi ake biya. Salam shi ne ƙofar da aka buɗe: ka biya manomi kuɗinsa cif yau, a faɗi nau'i da awo da ranar kawowa.

Ɗan Gembu: Madalla, Malam. In gahawa kake so ta gaske, tsaunin Mambilla na da arabika, cibiyar binciken koko ta Ibadan ma na da reshe a Kusuku. Amma a lura, ba kowa ke tsinkar jajayen 'ya'ya zalla ba, wasu har da ɗanye suke haɗawa, a shanya a ƙasa. Ka ɗebi ƙwaya ka ciza. In ta fashe ƙarau ta bushe, in ta lotse akwai danshi, kafin ka iso Jos ta soma fumfuna. Ka kuma shinshina buhun, gahawa na ɗaukar warin duk abin da aka loda kusa da ita, ko fetur ko kifi.

Alhaji Babba: Kada ka ɗauko buhu sai ka san mai saye. Masu gasawa a Abuja samfur suke fara nema.

Ɗan Terminus: Na gode ƙwarai. Yaya Ɗan Gembu, in za ka sauko ka taho min da kilo biyu in kai musu su gani. Nawa ne kuɗin mota yanzu daga Gembu zuwa Jalingo?

Ɗan Gembu: Zan tambaya a tasha gobe in turo maka.