Sulhu da 'yan bindiga: magani ne ko ladan ɓarna?

Kawu Tsohon Soja: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ni magana ɗaya nake so a tattauna yau kuma ba zan ɓoye matsayina ba: duk sulhun da gwamnati ta taɓa yi da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da kewaye babu wanda ya haifar da ɗa mai ido, lada ne kawai ake biyan mutum saboda ya iya kisa. Wanda yake da ja ya kawo min misali ɗaya tak.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu. Yau kuma da zafi aka fito kenan

Kawu Tsohon Soja: Ba zafi bane ɗana, lissafi ne. Gwamna Yari na Zamfara ya yi sulhu da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a 2016, aka yi biki aka ɗauki hotunan bindigogi, ina sulhun ya je? Mutumin nan ya koma ruwa, kuma ba ma gwamnati ce ta kawar da shi ba, wani ɗan bindigar mai suna Dogo Giɗe ne ya kashe shi a 2018. Gwamna Masari na Katsina a 2019 da ƙafarsa ya shiga daji, kowa ya ga hoton nan yana tsaye kusa da mai AK a kafaɗa, bayan 'yan watanni shi da bakinsa ya fito ya ce sun ci amanarsa ya daina. Gwamna Matawalle na Zamfara har shanu biyu ya yi alkawarin bayarwa ga duk wanda ya miƙa AK ɗaya a 2020. Sai Awwalun Daudawa wanda ya kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, Fabrairu ya zo Gusau ya dafa Alƙur'ani ya ce ya tuba, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji a can aka kashe shi. To wanne zan ɗauka a ciki?

Ɗan Shinkafi: Kawu Allah shi ba ka haƙuri, duk abin da ka lissafa gaskiya na, ba ni musun ko ɗaya. Amma kai kana cikin garin Kaduna kana lissahin gwamnoni, mu nan lissahin da muka yi shi ne ko za mu iya zuwa gona mu dawo. Bara da anka zo girbi sai da garinmu ya haɗa kuɗi gida gida, mai gari da liman na zaune bisa tabarma da littafi ana rubuta sunan wanda ya ba da da wanda ya saura, matar da mijinta ya rasu ita ma sai da ta saida akuya. Anka kai kuɗin da buhunan shinkafa da katin waya sannan sunka ce a shiga a kwashe gero. Wannan in kana so ka kira shi sulhu, in kana so ka kira shi haraji, mu dai mun ci tuwo

Kawu Tsohon Soja: To ai ka faɗa da bakinka, haraji ne. Ƙasa ɗaya hukuma biyu kenan. Kuɗin geron nan naka da shi za a sayo harsashin da za a harbi na garin gaba da ku.

Ɗan Shinkafi: Na sani wlh na sani. To mi za mu yi, mu zauna yunwa ta kashe ɗiyanmu don kar a sai harsashi?

Direban Birnin Gwari: Kawu kace a kawo misali ɗaya, ga shi na kawo, Birnin Gwari. Ni hanyar nan nake bi da mota, a da sai mun taru mun jira rakiyar sojoji kafin mu wuce, wani lokaci ma a rakiyar ake buɗe wuta, fasinja suna salati tun daga Buruku, amma tunda aka yi sulhun nan ƙarshen 2024 lokacin Uba Sani kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe ta buɗe, tireloli suna lodi, manoma sun koma gonakin da suka bari. Ba labari aka bani ba idona ne ya gani. Kuma kar ka manta jihar nan ta gwada irin taka, El-Rufai ya ce ko sisi ba zai bayar ba kuma ba zai zauna da kowa ba, me ya faru? Ɗaliban kwalejin Afaka da aka sace iyayensu ne suka dinga zanga-zanga suna neman yadda za su yi, na jami'ar Greenfield an kashe biyar, jirgin ƙasan Abuja aka tare a Maris ɗin 2022. To wannan taurin kan wa ya amfana?

Malama Uwar Biyu: Malam direba ina da tambaya ɗaya dan Allah. Bindigogin nasu suna ina yanzu?

Direban Birnin Gwari: Hajiya ni ba jami'in tsaro bane, hanya na sani

Malama Uwar Biyu: Yauwa, nan ne gizo yake saƙar. Mu a Katsina mun ga zaman sulhun da aka dinga yi a 2025 ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa har Faskari, bidiyon yana yawo a waya kowa ya gani, sun zo a kan babura da bindigoginsu da jigidar harsashi a wuya, aka basu makirfo suka yi jawabi suna kafa sharaɗi, dattawan gari suna zaune a ƙasa suna sauraro, aka tashi suka hau baburansu suka koma da kayansu cif. Ni ban san sulhun da mai laifi yake zuwa da makami ya koma da shi ba. Kuma a ajina akwai yaran da aka kashe iyayensu, in yaro ya ga wanda ake cewa shi ya ƙone garinsu yana jawabi a gaban manya ana tafa masa, gobe ni kuma in shiga aji in ce masa ƙarya haramun ce sata haramun ce, da wane baki?

Kawu Tsohon Soja: Allah ya yi miki albarka 'yata. Ku tuna Ado Aleru, 'yan sandan Katsina sun sa ladan naira miliyan 5 a kansa, a Yulin 2022 aka naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoto da rana tsaka. Ko da yake an dakatar da sarkin da ya naɗa shi daga baya, amma saƙon ya riga ya isa kunnen duk wani yaro da ke daji.

Lauyan Zaure: Bari in sa baki kaɗan. Ta fuskar doka ma akwai rikici, domin tun Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙungiyoyin nan a matsayin 'yan ta'adda bayan hukuncin babbar kotun tarayya da ke Abuja. To shugaban ƙaramar hukuma da wane iko yake zama ya yafe wa ɗan ta'adda? Ba shi da shi. Kuma masu kawo misalin Neja Delta su dinga kawo shi cikakke. 'Yar'aduwa a 2009 ya ba da wa'adin kwana 60, aka miƙa makamai aka ƙirga, aka yi wa mutane rajista da suna, aka sa musu alawus ɗin dubu 65 a wata da horo, kuma suna da kwamandojin da in sun ce a tsaya za a tsaya. A nan fa? Daba nawa ce a dajin Rugu da Kamuku da Sububu? Turji ba ya karɓar umarnin Dogo Giɗe, shi ma Dogo Giɗe haka. Ka yi sulhu da wannan, yaransa su haura iyaka su je inda ba a yi ba. Malumfashi ta gani a Agustan 2025 da aka shiga masallacin Unguwar Mantau da asuba alhali maƙwabta suna ta zaman sulhu.

Direban Birnin Gwari: Barista to laifin sulhu ne ko laifin rashin yinsa gaba ɗaya a lokaci ɗaya? Ni abinda ka faɗa ma kamar goyon bayana yake

Lauyan Zaure: Ba ya goyon bayan kowa. Cewa nake in za a yi to gwamnatin tarayya ta yi da sharuɗɗa a rubuce, makami a ƙasa, masu jini a hannu su fuskanci alƙali. In ba za a yi ba a daina na ɓoye. Yanzu Dauda Lawal yana cewa babu sulhu a Zamfara, Radda yana cewa gwamnatinsa ba ta roƙon kowa amma al'umma suna yi, Kaduna ta yi nata, to ɗan bindiga ma ya san inda zai kwana da inda zai yi aiki.

Auta: Ni dai Kawu kar ka ji haushi amma ana maganar nan kamar daga sama mutanen nan suka faɗo. Kowa ya san yadda abin ya fara, satar shanu, burtali da makiyaya da aka nome, alƙalai da 'yan sanda da ake zargi da tatsar Fulani, sai 'yan sa kai suka fara kama Bafulatani a kasuwa su yanka ba shari'a ba komai. Ba ina wanke kowa bane wlh amma wanda aka kashe ubansa a kasuwa shima maraya ne ai. Kuma ƙarfin sojan da kake magana, Tudun Biri fa? Disambar 2023 mutane suna Mauludi jirgi marar matuƙi ya sakar musu bam, sama da 80 suka rasu

Kawu Tsohon Soja: Kai yaro ka iya bakinka. Tudun Biri kuskure ne mai ciwo kuma rundunar soja ta amsa cewa ita ce, ban taɓa kare shi ba. Amma kar ka haɗa min sojan da ya yi kuskure da wanda ya tare mota a Sabon Birni ya cinna wa matafiya wuta da ransu a Disambar 2021. Waɗannan matafiyan burtalin wa suka nome? 'Yan matan makarantar Jangebe 279 da aka kwashe shanun wa suka sata? Sarkin Gobir na Gatawa dattijo da aka ɗaure aka yi masa bidiyo yana roƙo har ya rasu a hannunsu a 2024, shi ma ɗan sa kai ne? Zalunci ya faru a farko na yarda, amma yanzu sana'a ce, kuma mafi yawan Fulanin da na sani su ma gudu suke daga mutanen nan, shanunsu aka fara kwashewa.

Auta: Tuba nake Kawu, ban ce ɗaya suke ba

Kawu Tsohon Soja: Kuma ƙarfi yana aiki in an bari an yi. Halilu Sububu da ake ganin ba ya taɓuwa ba sojoji ne suka kashe shi a Satumbar 2024 ba? Matsalar ita ce a kashe babba yau gobe a janye, babu wanda zai zauna ya riƙe wurin. Soja yana kora ne, riƙe gari aikin 'yan sanda ne, su kuma ba su isa ba.

Ɗan Shinkafi: To Kawu ka zo inda nike. An kashe Halilu mun yi murna har da kabbara, Turji na nan. A 2021 anka kashe muna layin waya, anka rufe kasuwannin mako, anka hana saida mai a jarka, mu munka sha wuya, su kau sunka riƙa samun mai ta hannun mutanen cikin gari kuma suna kiran waya da layin Nijar a bakin iyaka. Askarawan da Dauda ya ƙaddamar farkon 2024 suna ƙoƙari, yaranmu na, mun binne da yawa cikinsu, amma mutum da bindigar gida ya tari mai harbo jirgi?

Malama Uwar Biyu: Wannan batun mutanen cikin gari shi ne wanda ba a son taɓawa. Kwamitin da tsohon Sufeton 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a Zamfara a 2019 ya ce an kashe sama da mutum 6,000 daga 2011, kuma ya nuna yatsa har ga wasu sarakuna. Mutum nawa aka gurfanar? Mai kai burodi da mai kai fetur da mai ba da labarin wanda ya sayar da shanu duk a cikinmu suke sallah.

Direban Birnin Gwari: Nan kam Hajiya babu musu. Amma ni dai har yanzu Kawu bai amsa min Birnin Gwari ba

Kawu Tsohon Soja: Na amsa maka, ka jira. Na Matawalle ma a watannin farko an yi shiru an sako mutane har ana yabo. Ina maka fatan ya ɗore domin ni ma ina da 'yan uwa a hanyar, amma muddin makamin yana hannunsu to ranar da suka ga dama ce.

Ɗan Shinkafi: Kawu bari in tambaye ka kai tsaye tunda kai babba na. Bana ma sun aiko, ran Juma'a za a kai kuɗin girbi, an yanka ma gidanmu nashi kaso. In ce ma tsohona kar ya ba da?

Kawu Tsohon Soja: A'a ɗana ban ce ka hana shi ba, ku bayar ku kwashe amfaninku, wanda aka sa wa bindiga a ka ba shi nake tuhuma ba. Da gwamna nake da minista da duk mai jiniya da ke zama da su yana kiran abin nasara.

Lauyan Zaure: To Kawu ka sassauta kenan, da farko cewa ka yi duk sulhu

Kawu Tsohon Soja: Barista koma sama ka karanta, cewa na yi wanda gwamnati ta yi. Ɗan Shinkafi nawa aka yanka wa gidan naku? Turo min ta gefe.