Waɗanda suka kalli Planetes a faifai, yaya kuka same shi?

Mai Walda, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na gama kashi na 26 na Planetes, kuma tun asuba nake neman wanda zan yi maganarsa da shi. Faifan DVD guda shida ne, bugun Amurka, wani abokin aikina ya gada a kayan yayansa ya ba ni aro. Da farko na'urata ta ƙi karɓa, sai da mai gyara ya ce ai faifan na yanki na 1 ne, namu na Afirka yanki na 5, ya buɗe min ita sannan ta ɗauka.

Ga wanda bai san shi ba, zane mai motsi ne na Japan, kamfanin Sunrise ya yi, Goro Taniguchi ya ba da umarni, an haska shi a NHK daga Oktoba 2003 zuwa Afrilu 2004. Labarin a shekarar 2075 yake, kuma jaruman 'yan jari-bola ne na sama. Aikinsu kwashe tarkacen taurarin ɗan'adam da suka mutu. A kamfanin da suke wa aiki, Technora, ana kiran sashensu rabin sashe, don rabin ma'aikata aka ba su da rabin kuɗi, ofis kuma can ƙasan bene.

Abin da ya kama ni tun mintin farko noti ne guda ɗaya. Noti, irin wanda nake takawa kullum a bakin shago ban ɗauka ba. Shi ya bugi tagar jirgin fasinja ya hallaka mutane. Na tsayar da faifan na kalli tarin ƙarafan da ke gefen ƙofata na daɗe. Ina son jin yadda ku kuka same shi, musamman rabin ƙarshe.

Malamar Kimiyya, Zariya

Wa alaikumus salam Malam. Maganar notin nan gaskiya ce tsantsa. Abin da ke kewaya duniya a kusa yana gudun kimanin kilomita 7 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya, to a wannan gudun ƙaramin ƙarfe ya fi harsashi. Ni da wannan wurin nake buɗe darasin taurarin ɗan'adam ga 'yan aji biyar. Nakan kai kwamfutata mai cin faifai, yara su kewaye tebur. Ranar farko wani yaro ya ɗaga hannu ya ce Malama sifika ta lalace. Na ce lafiyarta ƙalau, masu zanen ne suka cire ƙara duk lokacin da aka fita waje, domin babu iskar da za ta ɗauki sauti a can. Shiru ajin ya yi kamar an ɗauke numfashi. Shekara nawa ina rubuta wannan a allo, bai taɓa shiga kansu kamar ranar ba.

Kuma ku lura, fim ɗin ya riga abubuwan da suka faru. A 2007 Sin ta harbo tsohon tauraronta Fengyun-1C ya tarwatse gida dubbai. A Fabrairun 2009 Iridium 33 na Amurka da Kosmos 2251 na Rasha suka yi karo. Tun 1978 Donald Kessler na NASA ya yi gargaɗin cewa tarkace zai bugi tarkace ya haifi wani, har hanya ta toshe. Fim ɗin da sunansa ya ambaci matsalar.

Ɗan Sabon Gari

Ni nawa ba na asali ba ne. A kasuwa na saya wajen wani mai tebur, faifai ɗaya tal an cusa masa duk 26. Hoton ya dushe, rubutun fassarar da ke ƙasa kuma wani lokaci ya riga magana, wani lokaci ya biyo baya. A kashi na 19 ya fara tsayawa, na goge da gefen riga, na hura, bai yi ba. Na koma wajen mai tebur ya ce kaya in ya fita ya fita. Wata biyar na yi ban san yadda aka ƙare ba, abin ya dame ni ƙwarai.

Gaskiyata, kashi shidan farko sun gundure ni. Shirmen ofis ya yi yawa, ga wasu masu shigar ninja a duniyar wata. Tanabe kuma, sabuwar ma'aikaciyar sashen, kowace matsala sai ta ce ƙauna ce maganinta. Ban yarda da ita ba a lokacin.

Maman Biyu, Kaduna

Ɗan'uwa na Sabon Gari, nima na ji haka da farko, amma ka jira ta zuwa kashi na 24. Wanda bai kai can ba ya tsallake wannan. Tanabe tana goye da Claire, wata ma'aikaciyar Technora, a bayanta a doron wata, iskarta na ƙarewa, ga tukunyar iskar Claire a gabanta, kuma Claire ɗin tana cikin waɗanda suka kai harin ta'addanci a sama. A nan aka auna duk surutun da ta yi tun farko. Ni da maigidana muka kalla bayan yara sun yi barci, aka ɗauke wuta daidai tana miƙa hannu. Wallahi da kansa ya fita ya tayar da janareto ƙarfe goma sha biyun dare, abin da bai taɓa yi wa kallo ba.

Amma wanda ya sa ni kuka Yuri ne, ɗaya daga cikin masu kwashe tarkacen. Matarsa na cikin jirgin da notin ya buga. Shekaru yana wannan aikin da kowa ya raina, ba ya ko ɗaukar hutu, ashe kamfas ɗinta yake nema, ɗan ƙarami irin na nuna alƙibla, wanda ba ta taɓa bari ya buɗe ba. Da ya same shi, a ciki addu'a ce ta rubuta a kare shi. Mahaifiyata bayan rasuwar Baba ta yi shekara tana neman wani carbinsa da ya ɓata a asibiti. Muna ce mata Inna ki haƙura, carbi ne kawai. Sai da na ga fuskar Yuri na gane abin da take nema.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Nawa bugun Faransa ne, ƙanena ya kawo min daga karatu, da fassarar Faransanci. Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Duk kuna maganar tarkace, ni Hakim nake gani, ɗaya daga cikin masu kai harin nan. Ƙasarsa Mananga, wadda masu labarin suka ƙirƙira, da man fetur take rayuwa. Da manyan ƙasashe suka koma haƙo heliyum-3 a wata don makamashi, man ya zama banza, ƙasar ta faɗa yaƙi. Sama ta zama ta masu kuɗi, sauran kuma su kalla daga ƙasa. Mu da ake haƙo uraniyum a Arlit fiye da shekara hamsin, kuma garuruwanmu da yawa babu wuta, ba ma buƙatar a yi mana bayanin fushinsa.

Sai kashi na 11, na injiniyan nan ɗan El Tanika, wata ƙasar da ita ma ƙirƙira ce, da ya zo da rigar sama da suka ɗinka a ƙasarsu, yana bin ofis-ofis a gwada masa ita. Rigar ba ta da kyan gani, ana ta yi masa dariya, amma tana cin gwaji ɗaya bayan ɗaya. Yana dab da gamawa aka kai wa ƙasarsa hari. Sau uku na maimaita wannan kashin.

Inda na yi ƙorafi shi ne, mai faɗin gaskiyar talakawa sai aka ɗora masa bam a hannu, kuma aka ba shi suna irin namu. Ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Mai Walda, Kano

Malam na Damagaram, ƙorafinka yana kan hanya, nima ya sosa min rai. Amma ina ganin ba su zubar da hujjar Hakim ba. Har ƙarshe ba wanda ya iya ce masa ƙarya yake yi. Ka tuna haɗuwarsa da Nono, yarinyar da aka haifa a wata, 'yar shekara 12 amma doguwa kamar babba saboda ƙarancin nauyi a can. Ta tambaye shi ina ƙasarsa take a jikin duniyar da suke hange, don ita ba ta taɓa zuwa ba. Bai kashe ta ba, ya juya ya tafi.

Ni Hachimaki, babban jarumin kuma abokin aikin Tanabe, shi ne ya fi ba ni tsoro. Na san irinsa. Tun da ya sa a ransa sai ya shiga kumbon Von Braun mai tafiya duniyar Mushtari, tafiyar shekara 7, ya daina ganin kowa, har abokan da suke cin abinci kwano ɗaya. Akwai yaron shagona da ya yi haka a kan tafiya waje. Hannunsa ya fi nawa kyau a walda, amma a watanninsa na ƙarshe ko gaisuwa da kyar.

Ɗalibi a Osaka

Yaya na Sabon Gari, in ka samu faifai mai kyau ka kula da ƙarshen kashi na 26, don fassara mara kyau tana kashe wurin. Wasan kalmomi suke yi da ake kira shiritori. Kowa zai kawo kalmar da ta fara da gaɓar ƙarshe ta kalmar abokinsa, wanda kalmarsa ta ƙare da "n" ya faɗi, domin babu kalmar Japananci da ke farawa da wannan sautin. A cikin wasan Hachimaki ya nemi auren Tanabe, amsar amincewa kuma da "n" take ƙarewa. Ta yarda, ta faɗi wasa a numfashi ɗaya. Na fara kallo a gida ban gane komai ba, sai da na zo nan na ga yara suna yin wasan a jirgin ƙasa.

Littafin zanen Makoto Yukimura, wanda daga shi aka ɗauko fim ɗin, mujalladi 4 ne kawai, kuma Claire ƙarin masu fim ce.

Ɗan Sabon Gari

Na gode ƙanena. Malam Mai Walda, don Allah kafin ka mayar wa mai shi, ka tambaye shi ko zai bar min faifai na biyar da na shida zuwa Juma'a. Zan zo har shago in karɓa, in kuma kawo tawa na'urar mai gyaran nan ya buɗe min ita.