Shawara nake nema kan ruwan kalk da kayan ƙaramin tankin murjani

Ɗan Gwarimpa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah masu tankin ruwan gishiri ku taimaka min. Nawa lita 60 ne, akwai kifin clown guda 2, da murjani iri uku, zoa, da hammer ɗaya, sai wani ɗan guntun montipora da wani abokina ya aiko min daga Legas. To yanzu abin da nake gani shi ne in na canza ruwa ranar Asabar alk, wato kabonet ɗin ruwan da murjani ke gina ƙashi da shi, yana 8.5 a ma'aunin dKH, kafin wata Asabar ɗin ya sauko 7. Kalsiyam kuma yana wajen 410 ppm, wato miligiram a lita. An ce min in fara zuba ruwan kalk, wanda ke mayar da alk da kalsiyam ɗin da suka ragu, wasu sun ce kawai in haɗa shi cikin jarkar ATO, na'urar nan mai cika ruwan da ya ƙafe da kanta, shikenan in huta, to ni ATO ɗin ma ban da shi, da hannu nake ƙara ruwa. Kuɗin hannuna ba zai sayi komai da komai ba, me zan fara saya tsakanin ATO da skima mai cire dattin ruwa da doza, famfon nan mai zuba abu da awo?

Maman Clown: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a ce maka komai, da me kake auna alk ɗin, kuma wane ruwa kake haɗa gishirin da shi? Amsar tana can.

Ɗan Gwarimpa: Anti da kayan gwajin Salifert nake aunawa. Ruwa kuma daga wani gidan piya wata nake ɗebowa, na injin tacewar RO, kafin su ƙulla.

Maman Clown: To madalla da ma'aunin. Ruwan kam ka nemi ɗan alƙalamin TDS mai auna abin da ya narke a ruwa ka riƙa tsomawa, ba tsada. RO na masu ruwan sha ba ya kaiwa sifiri, su ba su da dalilin kai shi can, kai kuma sifiri kake so, sai ka ƙara kwalbar DI, mai tsotse ragowar abin da RO ya bari, a gida ruwan ya bi ta ciki.

Malamin Kemistiri: Salam. Ɗan uwa bari in yi maka lissafin da lambobinka, kai ma za ka ga amsar da idonka. Ruwan kalk ba komai ba ne illa garin kalsiyam haidiroksaid da aka jiƙa a tsaftataccen ruwa mara gishiri, kuma ruwa ba ya narkar da shi da yawa, wajen giram 1.5 zuwa 1.7 a lita, wato kusan cokalin shayi 2 a lita 4, in ka zuba fiye da haka ƙasa zai kwanta kawai. In ya ƙoshi haka, lita ɗaya tana ɗauke da kalsiyam kusan 800 ppm da alk kusan 114 dKH, pH ɗinsa kuma, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwa, ya haura 12. Daɗinsa shi ne kalsiyam da alk suna shigowa tare daidai gwargwadon yadda murjani mai ƙashi yake cin su.
Yanzu tankinka lita 60 ne a suna, in ka cire dutse da yashi ruwan bai fi lita 50 ba. Alk yana sauka 1.5 a sati, kenan wajen 0.2 a rana. Mililita 100 na ƙosasshen kalk a lita 50 zai ɗaga maka alk da 0.2 da ɗan ɗoriya. To ka ga buƙatarka duka ba ta kai rabin kofin shayi a rana ba. Shi kuma tankin nan a Abuja in a buɗe yake da fanka a kai zai iya shanye rabin lita zuwa lita a rana, in ka cika jarkar ATO da ƙosasshen kalk ka ba shi ninki 5 zuwa 10 na abin da yake ci. Wanda ya ba ka shawarar nan ƙila nasa tankin cike yake da acropora ne, murjani mai cin alk da yawa.

Injiniyan Sola: Malam ya gama magana. Ni abin da zan ƙara, ko da ka tsinka kalk ɗin ka sa a ATO, yanayinmu na arewa ba zai bar ka ka zauna lafiya ba. Da damina iska da laima, ruwa kaɗan yake ƙafewa. Hunturu na shigowa wajen Disamba iskar ta bushe ƙayau, ruwan da tanki yake sha ya ninka, ATO kuwa ba ruwansa, shi dai ya ga ruwa ya ragu ya zuba, kenan kalk ɗin ma ya ninka alhali murjaninka bai ƙara ci ba. Wannan shi ya sa ni na raba su, ATO da zallan ruwa, kalk a doza da awonsa.

Na Hambug: Ni fa ina ganin kuna tsorata yaron da yawa. A nan Jamus kalk tsohon abu ne, tun shekarun 1970 wani masanin tankin murjani Peter Wilkens ya yaɗa shi, kuma mutanen lokacin ba doza suke da ita ba, jarka ce da siririn tiyo a ɗaure bakinsa yana ɗiga kamar ƙarin ruwa a asibiti, kuma da shi suka raya murjani. Ni kaina nawa a ATO yake, rabin cokalin shayi a lita 4, kuma lafiya lau alk ɗina baya motsi.

Injiniyan Sola: Yallaɓai ai kai ɗakinka kusan yanayi ɗaya ne shekara duk, ga wuta ba ta ƙyaftawa. Mu nan in aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, ruwan ɗakin tacewa na bayan tanki ya canza tsayi, wuta na dawowa ATO ya ga kamar ruwa ya ragu ya hau zubawa. In zallan ruwa ne gishiri ya ɗan sauka a gyara, in kalk ne kuma sai dai ka tashi ka tarar da tanki fari fat.

Na Hambug: Gaskiya wannan ban kawo shi a lissafi ba, batun wutar ya canza magana. To amma ɗigawa da hannu fa, ba sai ya sayi doza yanzu ba.

Maman Clown: Ni tambayata ma ita ce anya yana buƙatar kalk ɗin yanzu? Saukar 1.5 a sati ba wani abin tashin hankali ba ne, 7 ma tana cikin iyaka, tsakanin 7 da 11 ake riƙewa. In ya raba canjin ruwansa biyu, lita 5 ranar Laraba lita 5 ranar Asabar, ba zai ga wannan hawa da saukar ba. Mu nan Jidda na san masu ƙananan tankuna da ba su taɓa zuba komai ba sai canjin ruwa da gishiri mai kyau, Red Sea ko Tropic Marin, kuma zoa ɗinsu ya rufe dutse. Montiporan ce dai in ta kama ta fara faɗi za ta soma ci sosai, ita da jar gansakukan nan mai ƙarfi da ke manne wa gilashi, lokacin sai a yi maganar kalk.

Malamin Kemistiri: Hajiya maganarki haka take, sai dai canjin lita 5 cikin 50 kashi 10 ne kawai, in alk ɗin sabon ruwan 9 ne na tanki 7.5 abin da zai ƙaru bai kai 0.2 ba. Yana rage gudu amma ba ya tsayar da shi, sai in gishirin mai alk da yawa ne. Ni da zai ji tawa ya auna alk kullum lokaci ɗaya na tsawon sati ba tare da ya zuba komai ba, ya rubuta, daga nan mu san ainihin cinsa.

Ɗan Gwarimpa: Na gode sosai wallahi, na fahimta. To Malam in zan haɗa yaya ake yi? Kuma garin a ina ake samu, na ga masu kayan gini suna sayar da farar ƙasa a buhu, ita ce?

Malamin Kemistiri: Kar ka kusanci ta masu gini, ba ka san me ke ciki ba, ana iya samun ƙarfe da datti iri iri, kuma murjani jan ƙarfe kaɗan ya ishe shi mutuwa. Ka nemi wanda aka yi don tanki, ko na abinci wanda aka rubuta zalla ne, ko na ɗakin gwaji wajen masu sayar da kayan kimiyya. Kuma ba kanwa ba ce, na taɓa jin wani yana tambaya, ba su haɗa hanya ba.
Haɗawa kuma, ka samu gora mai murfi, lita 2 ta ishe ka, ka zuba ruwan RO, ka sa rabin cokalin shayi don farawa, ka girgiza sau ɗaya ka ajiye ya kwana. Da safe za ka ga abu uku, farin laka a ƙasa, ruwa garau a tsakiya, sai wani siririn ɓawo a sama mai fashewa in ka taɓa. Na tsakiyan kake so. Ɓawon nan iska ce ta taɓa shi ya koma alli, shi ya sa ake rufewa kuma ba a yawan motsa shi, duk motsi ƙarfinsa raguwa yake. Bakin tiyo kar ya taɓa lakar, ka ɗaga shi kamar yatsa biyu daga ƙasa. Tunda wannan rabin ƙarfi ne, mililita 200 za ka ba shi a rana maimakon 100.
Kar ka taɓa juyewa gaba ɗaya, ɗigo ɗigo, a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, nesa da murjani da bakin famfo. Da dare ya fi, saboda in fitila ta mutu pH sauka yake yi, kalk ɗin sai ya tallafe shi. Kana so pH ya zauna tsakanin 7.8 da 8.4. Ka riƙa duba magnisiyam ma, 1250 zuwa 1350, kalk ba ya kawo shi, in ya yi ƙasa kuma alk da kalsiyam ba za su zauna ba sai su riƙa daskarewa a jikin famfo.

Maman Clown: Kuma dan Allah ƙanena in akwai yara a gidan ka ɗaga gorar nan sama ka rubuta a jiki. Ruwa ne garau kamar na sha amma yana ƙona baki, in ya shiga ido kuma abin ya fi muni. Garin ma kar ka shaƙa. Zoa ɗinka ma ka sa safar hannu in za ka taɓa, wasunsu da guba mai tsanani.

Mai Tanki Biyu: Ina biye da ku tun ɗazu. In aka yi tsautsayi ya zuba da yawa fa, me ake yi a take?

Malamin Kemistiri: Ka tsayar da zubawar, ka auna pH, kar ka auna alk lokacin don farin da ke yawo zai ba ka lambar ƙarya. In pH bai wuce 8.6 ba ka bar famfo ya yi ta kaɗawa, farin zai kwanta da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya wuce sai ka sa farin ruwan khal kaɗan kaɗan, kamar mililita 1 a lita 4 na ruwan tanki, kana aunawa tsakanin kowace zubawa, ko ruwan soda zalla mara sukari.

Injiniyan Sola: Bari in koma kan kaya tunda shi ya tambaya. Ɗan uwa a cikin ukun da ka lissafa babu wanda zan fara saya. Me kake yi in an ɗauke wuta, kuma ruwanka digiri nawa yake kaiwa da rana? Murjani 24 zuwa 27 yake so, in ya zauna a 30 ya fara fari kenan, kuma ka san Maris da Afrilu a Abuja. Lita 50 ba ta da jikin da za ta jure, ɗaki na ɗaukar zafi ita ma ta ɗauka. Sannan in famfo ya tsaya na wasu awanni cikin zafin nan iska ta ƙare a ruwa, kifin ne zai fara haki a sama. Ka fara da batir da zai riƙe famfon kaɗa ruwa, irin ƙananan famfunan DC na kamfanin Jebao wuta kaɗan suke ci, ko ka jona tankin a inbata in kana da ita. Sai fanka ƙarama mai busa saman ruwa, tana sauke digiri 2 zuwa 3, da hunturu ma ta fi aiki. Cila, injin sanyaya ruwa, ta fi amma kuɗi da cin wuta. Fanka kuma za ta ƙara ƙafewar ruwa, to a nan ATO ya zama dole, don ƙaramin tanki gishirinsa saurin hawa yake, kana so ya tsaya 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Kamfanin Tunze suna da ƙaramin ATO na irin tankinka.

Ɗan Gwarimpa: Inbata akwai amma ba na jona tankin, yau zan jona. Zafi kuma jiya da la'asar na ga 29. Skima fa?

Mai Tanki Biyu: Skima ka manta da ita a lita 60 da kifi 2, audugar tacewa da kake canzawa duk bayan kwana biyu uku da canjin ruwa sun wadatar. Kuɗin ka sayi rifraktomita mai auna gishirin ruwa in ba ka da ita, da ruwan saita ta mai gishiri kashi 35 cikin dubu, don ma'aunin robar nan mai allura ba ya faɗin gaskiya in kumfa ta manne masa. Fitila wace kake da ita?

Ɗan Gwarimpa: AI Prime ce ta hannu, a wajen abokin nan nawa na saya.

Mai Tanki Biyu: Ta ishe ka har ta yi yawa, kar ka ƙure ta. Doza in lokacinta ya yi mai kai ɗaya ta isa, Kamoer ƙarama, ka saita ta raba awon gida gida cikin dare. Ka ajiye gorar ƙasa da tanki, bakin tiyo kuma a sama da ruwa kar ya nutse, in ba haka ba ko dai ya zuƙo kalk ya yi ta kwarara ko ya daskare ya toshe. Duk wata ka jiƙa famfunanka a ruwan khal ka wanke.

Na Hambug: Kuma 29 ɗin nan ita za ka fara gyarawa yau, hammer ba ya son haka.

Ɗan Gwarimpa: To Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Gobe zan shiga kasuwa neman fanka da alƙalamin TDS, ATO ƙarshen wata. Alk kuma zan fara aunawa daga daren yau ƙarfe 9, in sati ya cika zan turo lambobin Malam ya duba min kafin in jiƙa komai.

Malamin Kemistiri: Ka haɗa da magnisiyam sau ɗaya, da pH na asuba kafin fitila ta kama.