Hutun Jaki da Kaya a Ka

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum. Jiya ƙarfe biyun dare ina kwance ido biyu, baitocin nan suka zo mini. Amsa-amon "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Ya ba mu lafiya da natsuwa.

Tun da asuba nake kan hanya,
Kantin Kwari kullum nake zuwa.

Dilar atamfa, bandir na shadda,
Taya, ragi, kuɗi, ƙirgawa.

Magariba ta yi, na sa kwaɗo a shago,
Shagon da ke kaina ba ya rufuwa.

Katifa da laushi, fanka na juyi,
Ni ko bashi nake lissafawa.

Tun ruwan da ya ci mu a 2022,
Hadari ya haɗo, gabana sai faɗuwa.

Ku gaya mini, 'yan'uwa, don Allah,
A wace kasuwa ake sayen hutawa?

Mai Adaidaita:
Alhaji, a gafarce ni, ƙaninka zai tanka.

Kai kana da rumfa, kana da fanka,
Ni rana ke ta gasawa.

Daga Unguwa Uku har zuwa Bata,
Hayaƙi da hon, babu tsayawa.

Tun 2023 da aka cire tallafi,
Rabin samuna gidan mai ke karɓewa.

Balas ɗin mai keke na jirana,
Ko na yi zazzaɓi ba ya yafewa.

In na faka a gindin darbejiya,
Ido a rufe, kunne na saurarawa,

Ko wani zai ce, "Yankaba nawa?"
Hutun jaki ne, kaya ba saukewa.

Amma fa da na taɓa tabarma,
Barci ɓarawo ke sacewa.

Sista Mai Aikin Dare:
Ƙanina, taka gajiyar tsoka ce,
Ruwan zafi da barci na warkarwa.

Ta Alhaji ce take ba ni tsoro,
Irinsu muke gani ana kawowa:

Jiya lafiya lau, da babbar riga,
Yau ɓarin jiki ba ya motsawa.

Hawan jini ba ya yin sallama,
Shiru yake shiga, babu sanarwa.

Awa bakwai babba ke buƙata,
Alhaji, kai nawa kake kaiwa?

Goro da shayi mai kauri bayan isha'i,
Ga waya a fuska ana ta latsawa.

Ka zo a auna jininka, Alhaji, minti biyar ne. Ni ɗin ma da nake faɗa, daren nan na uku ke nan a jere ina ɗakin marasa lafiya. Mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi.

Uwar Biyu:
Na karanta duka, na yi dariya har Hassan ya farka.

Mai shago na da kwaɗon rufewa,
Mai keke na da wurin fakawa.

Sista ma in gari ya waye,
Akwai wadda za ta zo karɓewa.

Ni wa zan miƙa wa tagwaye?
Hassan ya yi shiru, Husaini na farawa.

Koko da asuba, wanki da hantsi,
Tuwon dare, ga kwanukan wankewa.

Maigida ya dawo daga majalisa,
Wai, "Ke da kike gida kina hutawa!"

Hutuna ɗaya ne, sujadar ƙarshe,
Nakan daɗe ban ɗago ba, da gangan kuwa,

Har sai ɗayansu ya haye bayana,
Ya mai da ni doki yana sukuwa.

Malam Na Zaure:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka.

Uwar Biyu ta riga ni zuwa rijiyar,
Nan ne ruwan yake ɓuɓɓugowa.

"Bilalu, hutar da mu da salla,"
Haka Manzo, mai tsira, ke cewa.

Mu ko muna yinta mu rabu da ita,
Kamar kaza a tsaba, ana tsattsagewa.

Duba Suratun Naba'i, aya ta 9,
Barci ni'ima ne, don hutawa.

Suratur Ra'adi, aya ta 28,
Da ambaton Allah zuciya ke natsuwa.

Abu Darda'i ya so raba dare da salla,
Salmanu ya ce masa, "Koma kwantawa.

Ubangiji na da haƙƙi, kai ma kana da shi,
Iyali ma nasu suke jiran a bayarwa."

Alhaji, zafin nema ba ya kawo samu,
Rabonka ba ya ɓatan hanyar zuwa.

Iyayenmu ma sun yi fatauci,
Amma ƙailula ba sa tsallakewa.

Uwar Biyu:
Baba Malam, Allah ya ƙara sani. Saura hadisin Nana A'isha, a karanta wa mazan.

Malam Na Zaure:
Kin kama ni, 'yata. Yana cikin Buhari.

An tambaye ta me Manzo yake yi a gida,
Ta ce hidimar iyali yake kamawa.

Ni kaina rabon da in ɗauki tsintsiya,
Kada ku tambaya, akwai kunyatawa.

Ɗan Kwari:
Ga rahoton yau, jama'a.

Bayan azahar na kashe waya,
Na hau dila, na yi miƙewa.

Na ce wa yaro, "Ko gwamna ne,
Ka ce Alhaji ba ya tasuwa."

Na farka har an kira la'asar,
Miyau a kumatu yana bushewa.

Ashe baƙona daga Damagaram,
Maƙwabci ya ja shi, sun gama shiryawa.

Dila biyu ta wuce ni ina minshari,
Abin mamaki, ban ji zafin rasawa.

Sista, jibi zan zo awon. Uwar Biyu, Hajiya ta ga baitocinki a wayata, tun ɗazu take kallona ba ta ce komai ba.

Mai Adaidaita:
Alhaji, wannan shirun ya fi hadari. Zan ba ka amsa da dare, ga fasinja uku sun tsayar da ni, Sabon Gari za su.