Wace Hausa za mu ba wa homsukul da yunit sitadi? A taya ni don Allah

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyaye mata na nan Jos da malaman Hausa da ke bina, ina cigiyar kalma biyu kuma so nake mu tsayar da su yau don aiki zan yi da su. Ta farko homsukul, wato iyaye su riƙe karatun bokon yaransu a gida, su koyar da kansu ko su ɗauko malami amma dai tsarin yana hannunsu. Ta biyu ita ce ta fi ci min tuwo a ƙwarya, yunit sitadi.

Ga wanda bai san ta ba: a makaranta an saba lissafi minti arba'in a kaɗa ƙararrawa, kimiyya ta shigo, a sake kaɗawa tarihi ya shigo, kowanne da littafinsa ba ruwan wani da wani. A yunit sitadi kuwa abu ɗaya ake ɗauka wanda yaro ke so a zauna a kansa sati da sati, lissafin da kimiyyar da tarihin da rubutun har da addini duk daga cikinsa za su fito. Ni doki na ɗauka, don yarana tun da suka ga hawan Sallah wurin kakanninsu a Zariya ba su da zance sai doki. Kuma da Hausa nake rubuta tsarin saboda akwai maƙwabta da muke haɗa yara, ba zan sa wa takarda sunan da sai na yi wa uwar yaro tafinta ba.

Homsukul ba ta ba ni wuya sosai ba. Karatun gida ne ya fara zuwa bakina amma a wurinmu in an ce wane ya yi karatun gida ana nufin allo da littattafan addini gaban mahaifinsa ko kakansa, wasu kuma za su ɗauka lesin ne na bayan an taso. Karatun zaure ma yana da masu shi, kar mu taɓa musu. Don haka ni MAKARANTAR GIDA nake gani, kalmar makaranta ita ke nuna akwai lokaci akwai manhaja akwai jarabawa. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, duk mai son yin wannan sai ya riƙa duba manhajar gwamnati yana tafiya da ita. A Amurka duk jihohi 50 sun yarda da makarantar gida, a Jamus kuwa an hana, kowace ƙasa da nata.

To bari in nuna muku abin da ke cikin tsarin dokin, ƙila in kun gani sunan ya faɗo wa wani.

Hausa ita ce ta fi ɗaukar min wuri kuma wallahi da gangan na yi, don yaranmu na Jos in ka cire doki da sirdi da linzami shikenan sun ƙare. Za su koyi goɗiya da dukushi da ingarma da ƙuru, su san akawal baƙi ne kili fari, su ji ana cewa bidi da gunya da hurde. Za mu zana doki babba a kwali su liƙa masa suna, nan geza nan kofato, sannan kayan hawa, ragama, majayi, likkafa, jalala, ƙaimi. Daga nan karin magana ta zo da kanta, yaron da ya ga likkafa da idonsa shi zai gane me ake nufi da likkafa ta ci gaba, wanda ya riƙe linzami zai gane linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Rubutun zube ma a kan haka, kowa ya rubuta labarin zagi a ranar hawa.

Kimiyya kam doki ya ishe mu. Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan wata 11, ɗan da ta haifa cikin awa ɗaya ko biyu ya miƙe tsaye, doki yana iya barci a tsaye kuma ba ya iya amai shi ya sa ciwon ciki ke yi masa illa sosai, ana gane shekarunsa ta haƙori, kuma in ya samu kulawa yana kai shekara 25 zuwa 30. Sai tsando da sammore, wanda shi ne dalilin da doki ba ya daɗewa a dazukan kudu, har masarautar Oyo ta riƙa sayen dawaki daga arewa don rundunarta. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da mu wadda ke nan tun 1924, ko sunanta yara suka riƙe an samu wani abu.

Lissafi: doki na cin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, to mai kilo 350 nawa zai ci a rana, nawa a wata, in damin harawa kaza ne buhun dusa kaza ne nawa mai doki ke kashewa. Ruwa lita 20 zuwa 40 a rana, jarka nawa ke nan a sati. Manyan kuma su duba jikin injin ban ruwa su ga an rubuta ƙarfin doki kaza, ɗaya daidai da wat 746, su yi ta ninkawa.

Tarihi in na biye masa ba za mu gama ba. Tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa Kanajeji, wanda ya yi mulki 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Sarautu irin Madawaki da Shamaki da Sarkin Dawaki duk a kan doki suka tsaya. Hawan daba na Kaduna a 1956 da Sarauniyar Ingila ta zo, da na bikin al'adun Afirka na Festak a 1977, har zuwa 2024 da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattali. Kuma abin da na fi so yarana su sani, nan tsaunukan Filato ma akwai tarihin doki, Berom da Ngas da maƙwabtansu sun yi kiwon ƙananan dawaki masu ƙarfin hawan dutse suna hawansu ba sirdi wajen farauta da yaƙi. Yaron da ya tashi a Jos ya kamata ya san wannan game da mutanen da yake zaune da su. Addini kuwa Suratul Adiyat za su haddace da fassararta, da aya ta 8 ta Suratun Nahli inda aka ambaci dawaki da alfadarai da jakuna.

To wannan duka me sunansa da Hausa? Ni dai karatun jigo ke yawo a raina amma ban gamsu ba. Bismillah ku kawo naku.

Na dawo, na karanta kwament ɗinku duka Allah ya saka da alheri.

Wata yaya daga Bukuru ta ce dunƙulallen darasi. Yaya ma'anar ta fito gaskiya, sai dai ki gwada cewa yaro ɗan shekara 6 ya faɗa da safe, kuma ba ta nuna a kan me aka dunƙule ba. Masu cewa babi da rukuni da kashi, waɗannan yanki ne na littafi ɗaya ko fanni ɗaya, mu kuwa fannoni da yawa muke tarawa wuri ɗaya. Zango kuma tuni ya zama na zangon karatu, in na ce zangon doki uwa za ta ɗauka wata uku nake nufi. Wani ƙanina ya ce a bar ta yunit kawai tunda mun ari fensir da kwamfuta. Ƙanina aro ba laifi ba ne in ba mu da namu, amma yunit a bakin mutanen gari ta mita ce da ta kiran waya, ka ce wa maƙwabciya an fara yunit ɗin doki ka ji me za ta tambaye ka.

Sai wani malami da ke koyar da Hausa ya rubuto abin da ya sa na tashi zaune. Ya ce Hajiya jigo a nazarin rubutaccen adabi aka fi amfani da shi, amma masu nazarin waƙar baka cewa suke TURKE, wato babban saƙon da makaɗi ya kafa waƙarsa a kai, duk inda ya zaga da yabo da habaici da kirari nan yake dawowa. Malam Allah ya ƙara ilimi, wannan ita ce. Kowa ya san turke a barga, an kafa shi wuri ɗaya doki ya zaga gabas ya zaga yamma ya ci nan ya ci can iya tsawon igiyarsa amma bai rabu da wurin ba, kuma haka karatun nan yake, yau muna lissafin harawa gobe muna Kano zamanin Kanajeji jibi muna haddar sura amma ba mu bar doki ba. Kalmar tana da gindi a gida tana da gindi a jami'a, ba ƙirƙirarta muka yi daga sama ba, faɗaɗa mata aiki kawai za mu yi.

Akwai wanda ya ja, kuma jan nasa da hujja. Ya ce turke ɗauri ne, in an ce an turke mutum an hana shi sakat ke nan, alhali masu makarantar gida sakewar yaro suke nema. Yallaɓai na ji ka, amma ni abin da na fi tsoro a gida shi ne watsewa, ba shugaban makaranta ba ƙararrawa, ga girki ga baƙi ga wuta ta ɗauke, in ba a kafa wa karatu wurin dawowa ba sai a wayi gari an taɓa komai ba a riƙe komai ba. Tsawon igiyar kuma ai a hannun uwa yake, yaro ya tambayi me ya sa jakin dawa ba ya hawuwa sai a bi shi a bincika a dawo.

Wata anti kuma ta ce ai don doki ne ya sa turke ya dace, in an koma wani abu fa? Anti mu gwada a baki mu ji: turken ruwa, turken kuza, turken dankalin Turawa mu bi shi daga gonakin Bokkos da Mangu har kasuwar Farin Gada, turken jirgin ƙasa. Ni dai duk sun zauna min. Makaɗa ma ai turkensu na iya zama noma ko sarauta ko dambe.

Don haka a saman takardar na rubuta: Makarantar Gida, Karatun Turke, Turke na ɗaya: Doki. Jam'i turaku, kamar yadda muka gada. Wanda ya fi son karatun jigo ba mu yi faɗa ba, in ya rubuta zan gane, amma mu a unguwarmu da turke za mu tafi.

Saura ƙarama guda ɗaya kafin in kai takardar a buga. Turawa suna auna tsayin doki da faɗin tafin hannu, inci 4 ke nan kusan santimita 10, daga ƙasa zuwa inda wuya ya haɗu da baya. Taƙi ba zai yi ba ya fi haka tsawo, kamu ma ya yi yawa. Iyayenmu masu barga da dillalan dawaki da masu wasan folo, in kuna ciniki da me kuke faɗin tsayin doki? Wanda yake da baba ko kawu mai kiwon doki don Allah ya tambayo mana ya rubuta a ƙasa yadda ya faɗa da bakinsa.