Babbar manhaja ko uwar manhaja?

Jama'a, shawara nake nema. Ina cikin rubuta labarin faɗuwar Nokia sai na cije a kan "operating system", wato irin su Android da iOS da ke riƙe da waya gaba ɗayanta.

"Manhaja" kam ta zauna, WhatsApp manhaja ce, Facebook ma haka. Wasu marubuta na cewa "babbar manhaja", wasu "tsarin aiki". Na biyun bai kwanta min ba, don ko ma'aikatar gwamnati tana da tsarin aikinta. Masu gyaran waya kuwa "sofwaya" suke cewa, su zuba komai a buhu ɗaya.

Ni na fi karkata ga "uwar manhaja". Muna da uwar ƙungiya mai rassa, muna da uwar kuɗi da ake juyawa ta haifi riba. "Babba" girma kawai yake nunawa, "uwa" kuwa da ka ji ka san akwai 'ya'ya a bayanta.

Ku dubi abin da ya samu Nokia. A 2010 suka ɗauko Stephen Elop daga Microsoft, ɗan Kanada, shugabansu na farko da ba ɗan Finland ba. A Fabrairun 2011 ya sanar za a rabu da Symbian, uwar manhajar wayoyin Nokia a lokacin, a rungumi Windows Phone ta Microsoft, aka ƙi Android don kada Nokia ta ɓace cikin tarin masu ƙera wayoyin Android. To amma Lumia, wayar Nokia mai Windows Phone, ba ta fito ba sai ƙarshen shekarar, alhali an riga an yi wa Symbian sanarwar mutuwa. Wa zai zuba kuɗinsa a kanta? Da Lumia ta iso, ga kyamara ga ƙwari, sai dai manhajojin da mutane ke nema sun makara. Instagram ta shiga Android a 2012, ba ta leƙa Windows Phone ba sai Nuwamban 2013. Kafin nan, a Satumba, an riga an sanar da sayar wa Microsoft sashen wayoyin a kan Yuro biliyan 5.44.

Windows Phone daga babban gida ta fito, girma bai yi mata ƙaranci ba. 'Ya'ya ne ba ta tara ba, kuma "babbar manhaja" ba za ta fahimtar da mai karatu wannan ba.

Inda na maƙale shi ne jam'i. "Iyayen manhaja" ya jawo uba ciki, "uwayen manhaja" kuma ya yi min nauyi a baki. Malaman Hausa, wanne za mu ɗauka?